KULA DA KAYAN KATAKO NA WAJEN ƊAKI: DARASI GA MAZAUNA ƘASAR GUMEL

A kowane gida na ƙasar Gumel akwai kayan itace da ke kwana a waje su kuma yini a waje: ƙyauren ƙofar gida, tagogi, dirkokin rumfa, itatuwan danga, akurkin kaji, benci, tsani, amalanken shanu, da katakon bakin rufi. Haka yake a makaranta da majami'a. Yawancinmu ba mu tuna da waɗannan kaya sai ranar da ƙyaure ya ƙi rufuwa, ko iskar farkon damina ta kwantar da rumfa. A ranar ne maigida yakan aika a sayo fenti, alhali kuwa aikin gama ya riga ya gama.

Abin da wannan darasi yake so ya koya mana shi ne, fenti riga ce kawai. Riga tana kāre lafiyayyen jiki, amma ba ta warkar da mai ciwo. Katako yana daɗewa ne in an raba shi da ƙasa da danshi, aka shirya shi sosai, sa'an nan aka shafa masa fenti a lokacin da ya dace cikin shekara.

1. Dalilin da ya sa katako yake da tsada a wurinmu

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4, wato Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Suna arewacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Daga Maigatari kuwa ana tsallakawa zuwa Jamhuriyar Nijar. Ƙasarmu jigawa ce mai rairayi, damina kuma gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe itatuwa da yawa a wannan yanki, noma da neman itacen girki kuma suka ƙara rage sauran. Shi ya sa Jigawa take cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin dashen itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Saboda haka yawancin katakon da kafintocinmu ke aiki da shi baƙo ne. Daga dazuzzukan kudu ake yanko shi, a kawo shi manyan kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga can ya iso wurinmu da kuɗin mota a kansa. Duk ƙyauren da ya lalace kafin lokacinsa, kuɗin buhunan gero ne ko na riɗi suka tafi a banza. Duk dirkar da gara ta cinye kuma, wani itace ne za a sake sarewa a dajin da ba shi da na bayarwa.

2. Abokan gāban katako

Na farko ita ce gara. Irin garar da ta fi yi mana ɓarna a cikin ƙasa take zaune, ba ta kuma jure wa rana da busasshiyar iska. Don haka takan gina siririyar hanya ta laka ta bi ciki har ta kai ga itace, ta cinye cikinsa ta bar bayansa kamar ba abin da ya faru. Ana iya ganin dirka da fentinta mai ƙyalli, amma in an ƙwanƙwasa ta sai a ji ta kamar ganga. Fenti ba ya hana gara, gama ba ta saman katako take shiga ba, ta gindinsa take bi.

Na biyu ruwa ne. Ruɓewar itace aikin wasu ƙananan halittu ne dangin fumfuna, waɗanda ba su iya aiki in danshin da ke cikin katako bai kai wajen kashi 20 cikin 100 ba. Busasshen katako ba ya ruɓewa. Wanda ya jiƙe ya bushe da sauri ma ba shi da damuwa sosai. Wanda ke ruɓewa shi ne wanda ruwa ke kwanciya a jikinsa, kamar gindin dirka, ƙasan ƙyaure, mahaɗar katako biyu, da wurin da indararo ke zuba.

A nan ya kamata mu san yadda jikin itace yake. Itace yana kama da damin siraran kara da aka ɗaure wuri ɗaya, ramukansa suna bin tsawonsa. Ta cikinsu ne ruwa yake hawa daga saiwa zuwa ganye sa'ad da itacen ke da rai. Saboda haka bakin da zarto ya yanka yana shan ruwa fiye da gefen katako sau da yawa. Kai da gindi su ne ƙofar ruwa, su ne kuma masu fenti suka fi mantawa da su domin ido ba ya kaiwa wurin.

Na uku shi ne sauyin yanayi. Katako yana kumbura in ya sha danshi, yana tsukewa in ya bushe, kuma ta faɗinsa yake yin haka, ba ta tsawonsa ba. A lokacin marka, cikin Agusta, iska cike take da laima. A hunturu kuwa laimar takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Wannan ne ya sa ƙyauren da ke cijewa da damina yake buɗe tsaga da hunturu har ana hango tsakar gida. Kowace shekara katako yana wannan motsi, fentin da ya tsufa ya yi tauri kuma ba ya iya bin sa, sai ya tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsagar, ya kwanta a bayan fenti, fentin ya ɓamɓare.

Na huɗu rana ce da iska mai rairayi. Hasken rana yana cin saman katakon da ba shi da fenti har ya koma ruwan toka, ya yi gashi-gashi. Hadarin damina kuma galibi daga gabas yake taso mana, da guguwar rairayi a gabansa, wadda ke goge fenti kamar samfefa. Don haka gefen gabas yana shan dūkan ruwa da rairayi, gefen yamma kuma yana shan zafin la'asar. Waɗannan gefuna biyu su ne ke fara lalacewa.

3. Zaɓen itace

Kakanninmu sun san itacen da ya dace da kowane aiki. Azarar giginya, wadda ake tsagawa daga gefen gangar mai tauri, gara ba ta cika damun ta ba, shi ya sa take daɗewa a rufin soro. Ƙirya da marke suna da tauri ƙwarai. Gawo kuwa, duk da amfaninsa a gona, itacensa ba shi da ƙarfi, ƙwari kuma suna son sa. Amma giginya da ƙirya sukan ɗauki shekaru masu yawa kafin su isa sara, ga shi kuma sun yi ƙaranci.

Abin da ya fi samuwa yanzu shi ne dogon yaro da turare. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga ƙasashen Indiya da Bama ne, an kuma fara dasa shi a Borno a 1928. Yana tohowa in an sare reshensa, zuciyarsa mai duhu kuma tana jure wa ƙwari, amma farin gefensa ba ya jurewa. Turare yana ba da miƙaƙƙun sanduna, sai dai yakan tsage in ya bushe da gaggawa. Ko wanne aka samu, a ɓare ɓawonsa tun yana ɗanye, gama ƙwari a ƙarƙashin ɓawo suke ɓuya, a jingine shi a inuwa bisa duwatsu har ya bushe.

Cikin katakon kudu, loko da maɗaci suna jure wa zaman waje. Farin katako marar nauyi kuwa, irin wanda ake silin da akwatuna da shi, na cikin ɗaki ne. Yana da araha, amma araha ba ta ado. A kuma lura, katakon da aka sauke daga mota sau da yawa bai gama bushewa ba. A jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane layi domin iska ta ratsa, a bar shi makonni. Wanda ya shafa wa ɗanyen katako fenti ya kulle ruwa a ciki ke nan.

4. Raba itace da ƙasa

Mu ɗauki darasi daga rumbu. Ba wanda ke dasa rumbu a kan ƙasa kai tsaye. Ana ɗora shi a kan duwatsu, iska tana wucewa ta ƙarƙashinsa, ruwa ba ya taɓa gindinsa, in gara ta fara hawa kuma ana ganin hanyarta. Wannan dabara ita ce tushen dukan kula da katako.

Benci, akurki da tebur, a ɗora ƙafafunsu a kan dutse ko bulo ko daɓen siminti. Ƙyaure kuma a bar rata tsakaninsa da ƙasa, a yi dokin ƙofa na siminti. Dirkar rumfa, in da hali, a zuba ɗan ginshiƙin kankare da ya ɗara ƙasa da santimita 15, a kafa ƙarfe a ciki, a ɗaure dirkar a jikin ƙarfen. In dole ne a binne ta, a haƙa rami mai zurfin santimita 60, a zuba tsakuwa a ƙasansa domin ruwa ya tsiyaye. A jiƙa gindin cikin maganin katako, irin su Solignum, na kwana ɗaya ko biyu, ya bushe, sa'an nan a shafe shi da kwalta har ya wuce inda ƙasa za ta tsaya da kamu ɗaya. A daidai fuskar ƙasa dirka take karyewa, gama nan ne danshi da iska suke haɗuwa. Kanta kuma a yanke shi a karkace, ko a kifa masa gwangwani, kada ruwa ya zauna.

Mutane da yawa suna shafa baƙin man mota a gindin itace. Gaskiya ne yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma ba ya shiga can ciki, fenti ba ya kama katakon da ya sha shi, yana kuma ɗauke da dattin da ke gurɓata ƙasa. Kada a kusantar da shi ga rijiya, ko akurki, ko kwamin dabbobi, ko bencin da yara ke zama. Falwayar lantarki ta katako tana daɗewa ne domin da inji aka matsa mata magani har cikin jikinta, abin da buroshi ba zai iya yi ba.

Har ila yau, kada a tara kara, ko itacen girki, ko tsofaffin kwalaye a jikin danga ko rumfa. Wannan gayyatar gara ce.

5. Lokacin shafa fenti

Da damina katako yana da danshi, ruwa kuma yana iya sauka kafin fenti ya bushe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti ta mai da shi kamar bangon yaɓe. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, saman fenti ya bushe da sauri cikinsa yana ɗanye, sai ya yi ƙuraje ya yamutse. Lokacin da ya fi dacewa a wurinmu shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, katako ya sha iska, hazo bai yi ƙarfi ba tukuna. A lokacin ne kuma manomi ya fara kai riɗi da zoɓo kasuwa, kamar ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, yana da abin sayen fenti a hannu.

A cikin yini, a fara da hantsi bayan raɓa ta bushe. A bi inuwa: gefen yamma da safe, gefen gabas bayan azahar. In iska ta taso da ƙura a dakata. Abin da za a iya cirewa, kamar ƙyaure ko taga, a cire shi a kai shi cikin zaure ko aji da ba kowa, a buɗe tagogi, a yayyafa ruwa a daɓe domin ƙura ta kwanta.

6. Matakan aikin

Kayan da ake bukata su ne samfefa mai kaushi da mai laushi, abin kankara, buroshi, foti, maganin katako, firama, fentin mai, tina, da tsumma. Fentin ruwa na bango ba na katakon waje ba ne. Banish kuma, ko da yake yana fito da kyan katako, hasken rana yana ratsa shi, ba ya daɗewa a waje. Farin launi da masu haske sun fi baƙi da shuɗi mai duhu, domin ba su ɗaukar zafi sosai.

Mataki na 1: A bincika. A bi katakon da tsinin ƙusa ana dannawa, musamman gindi da mahaɗai. Inda ƙusa ta nutse, wurin ya mutu, a yanke shi a sa sabo. A ƙara ƙarfin ƙusoshin da suka saki, a canja masu tsatsa.

Mataki na 2: A kankare duk fentin da ya ɓamɓare, a goge da samfefa ana bin tsawon katako har launin tokar nan ya fita, lafiyayyen itace ya bayyana. A share garin da tsumma. Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci, shi ne kuma ke sa aiki ya daɗe.

Mataki na 3: A shafa maganin katako, a ba bakin yanka ya sha har ya ƙoshi. A tambayi mai shago irin wanda fenti ke hawa kansa, gama mai baƙin maiƙo yakan huda fenti ya fito. A jira ya bushe sarai.

Mataki na 4: A shafa firama, wato fentin farko wanda ke shiga jikin katako ya riƙe na bisansa. Bayan ya bushe a cike ramukan ƙusa da ƙananan tsaga da foti.

Mataki na 5: A shafa fentin mai sau biyu, siriri siriri, a bar kwana ɗaya tsakaninsu, a ɗan goga samfefa mai laushi kafin na ƙarshe. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Kada a cika tina don fenti ya yi auki, kada kuma a tsinka shi da fetur.

Mataki na 6: A tuna ƙyaure fuska 6 gare shi: gaba, baya, gefe biyu, sama da ƙasa. In an bar ƙasansa tsirara, ta nan ruwa zai hau.

Ga ɗan lissafi. Ƙyaure mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90 yana da fili murabba'in mita 1.8 a fuska ɗaya. Gaba da baya 3.6 ke nan, in an haɗa da gefuna ya kusa 4. Lita ɗaya ta fentin mai takan rufe wajen murabba'in mita 10 a kan katako mai santsi. Ashe shafi biyu ba zai cinye lita ɗaya ba, galan mai lita 4 kuma zai ishi ƙyamare huɗu har da ragowa. A kwatanta wannan da kuɗin sabon ƙyaure.

7. Kiyaye lafiya

Wasu fentocin mai, musamman tsofaffi masu launin ja da rawaya, suna ɗauke da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, gama tana taɓa ƙwaƙwalwa ta rage fahimi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ta wurin niƙan duwatsun zinariya ta shiga gidajensu, amma dalmar da ke cikin fenti ita ce dai wannan. Saboda haka in ana goge tsohon fenti a jiƙa shi da ruwa domin kada ya yi ƙura, a rufe hanci da baki, a nisantar da yara da mata masu ciki, a tattara ɓarɓashin kada kaji su tsattsage shi. Kada a hura wutar girki da katako mai fenti ko mai magani. Kada a zuba ruwan sha, ko nono, ko man gyaɗa a gwangwanin fenti.

Game da maganin gara, a dā ana amfani da Aldrin da Dieldrin. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana su, a 2009 kuma aka ƙara da sinadarin da ke cikin Gammalin 20, domin suna daɗewa a ƙasa da jikin mutum. A sayi wanda ke da lambar rajistar NAFDAC, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. A guji wanda ake aunawa a kwalbar lemo ba suna. Tina kuma tana kama wuta da sauri, kada a yi aiki da ita kusa da murhu. Tsumman da ya sha mai a shanya shi a fili, kada a dunƙule shi a lungu.

8. Zagayen shekara

A watan Mayu, kafin ruwan farko, a zaga gida a girgiza kowace dirka, a duba ƙusoshin kwano, a gyara indararo ya zuba nesa da katako. Da damina, musamman bayan fitowar shinge, a duba gindin itatuwa kowane mako. In an ga hanyar gara a rushe ta, a bi ta har inda ta fito. In ƙyaure ya cije a Agusta, kada a yi saurin fere shi da yawa, gama zai tsuke da hunturu. In an fere, a shafe wurin da fenti nan take. Da kaka a wanke, a taɓa wuraren da fenti ya tsage tun suna ƙanana. Da hunturu a ɗiga mai a hinji da sakata. Wanda ya bi wannan zagaye, aikin yini ɗaya ko biyu ne a shekara. Rigakafi ya fi magani. In kuma an sare itace don dirka, a dasa wani a madadinsa da damina mai zuwa, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Tambayoyi don bita

1. Don me fenti shi kaɗai ba ya hana gara?
2. Wane sashe na katako ne ya fi shan ruwa, kuma me ya sa?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa kaka ta fi bazara dacewa da shafa fenti.
4. Benci mai tsawon mita 3 da faɗin santimita 30, fenti nawa samansa da ƙasansa za su ci in an shafa sau biyu?
5. Faɗi abubuwa uku da ba a yi da tsohon katako mai fenti ko gwangwaninsa.

Aikin hutu

Kowane ɗalibi ya ɗauki ƙusa ɗaya da littafin rubutu, ya zaga gidansu, ya rubuta dukan kayan katakon da ke waje. A gaban kowanne ya nuna ko yana taɓa ƙasa, ko ruwa yana kwanciya a kansa, ko akwai hanyar gara, ko fentinsa ya tsage. Sa'an nan ya nuna wa iyayensa, su zaɓi guda ɗaya da za a fara gyarawa kafin damina. A dawo da rahoton a makon farko na sabon zango.